Sista Talatu da Kwalin Tururuwa

An kori Sista Talatu Bitrus daga asibitin unguwarmu saboda tururuwa ta mutu a kofin shayin Hajiya Asabe. Gaskiyar maganar ke nan. Abin da aka faɗa a wurin taro daban ne, zan zo kansa, amma duk wanda yake zaune a Gyadi-Gyadi a shekarar da soja suka miƙa mulki ya san a kofin nan abin ya faro.

Ni mai walda ne, rumfata tana kallon ƙofar asibitin. Ɗan ƙaramin gini ne da mutanen unguwa suka haɗa hannu suka gina, kwamitin unguwa ne kuma yake riƙe da shi. Shekara da shekaru, kafin in ɗaga ƙyauren rumfa Sista Talatu ta riga ta iso. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, Kirista, ta zo Kano tana amarya, ga shi har furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Da safe awon jarirai take yi. Ta rataya sikeli a reshen darbejiya, ta zura yaro a wandon awo, ya yi ta tsala ihu, ita kuma tana yi wa uwar wasa ko faɗa, gwargwadon inda allurar sikelin ta tsaya. In rana ta take, sauran ma'aikata suka nemi inuwa, sai ta sauya takalmi ta sa na roba, ta rataya kula a kafaɗa, ta shige lungu. Gidajen masu jego take bi, daga nan har Tarauni, wani lokacin har Daurawa, duk a ƙafa. Ba ta hawa acaɓa, wai yana girgiza mata kwalabe.

Kular nan ba ta abinci ba ce. Wasu likitocin jami'a ne suke binciken abin da ke cikin nonon uwa, musamman dakashi, wato nonon farko mai kauri da iyayenmu suke cewa a matse a zubar. Likitocin ba su da hanyar shiga ɗakin mai jego, Sista ce take shiga. Sai ta yi wa mijin bayani a zaure, ta yi wa matar bayani a ɗaki. In sun yarda, ta karɓi abin da bai wuce cokali ba a 'yar kwalba, ta sa cikin ƙanƙara. In ba su yarda ba, ta duba jaririn, ta sha ruwa, ta yi gaba. Matata Hauwa ta ba da nata a haihuwarta ta ƙarshe, ni da bakina na ce a ba ta.

Amma ni abin da na fi sanin ta da shi kwalin ashana ne. Ranar da na fara ganin ta tsugune a gindin teburin mai shayin da ke kusa da ni, mace da kakin asibiti, tana tsintar tururuwa tana zubawa a kwali, na ce, "Sista, abin har ya kai ga cin tururuwa? Ki zo in saya miki burodi mana."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam Haruna, ka ji da ƙarfenka. Waɗannan ma'aikatana ne. Sun fi wasu masu kaki zuwa aiki a kan lokaci."

Ga wanda bai san dalili ba, bari in faɗa. In jariri ya cika kuka, sai tsofaffi su ce a gwada nonon uwar. A tatsa a murfi, a jefa tururuwa a ciki. In ta fita da ranta, nono lafiya lau. In ta mutu, an ce mugun nono ne, sai a cire yaro, a ɗora uwar a kan saiwoyi, a sayo madarar gwangwani da bulumboti. A unguwar da muke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, kwata tana bin ƙofar gida, ba sai an gaya wa mutum inda bulumboti yake kai jariri ba. Na raka ƙananan gawarwaki a naɗe cikin tabarma har na gaji da tambayar ɗan wane ne.

Sista Talatu ba ta taɓa cewa tsohuwa ƙarya take yi ba. Tana da hanyarta. Sai ta shiga ɗakin kakar ita kaɗai, ta durƙusa ta gaishe ta sosai, ta ce, "Inna, a taimaka mini da ɗan kunu, da ruwa a moɗa." In an kawo, ta buɗe kwalin, ta jefa tururuwa a kunun, ta jefa a ruwan. Su zauna su biyu suna kallo. Tururuwa ta yi 'yan mutsu-mutsunta ta nutse, ta kunu da ta ruwa duka. Sai Sista ta rufe kwalinta ta ce, "Inna, ni ban ga komai ba. Ke ce babba, ke za ki fita ki gaya musu abin da kika gano." Tsohuwa ta fito tsakar gida tana gyara mayafi, ta ce ta sake duba nonon nan da kyau, a mayar da yaro. Girmanta yana nan, yaro ya rayu, Sista ta rataya kularta ta fice kamar ba ta zo ba.

Ke ce, Sista, kika tsara aikinki yadda ba za a san kin yi ba. Akwai samari a layin nan da suke wuce ki a kan babur ko sannu babu, ba su san a gwiwoyinki suka rayu ba. Kakanninsu ne suka karɓi godiyar, ke kuma kin bar musu.

Sau ɗaya ta karya wannan doka tata, a kan 'yar Lami.

Lami ƙanwar matata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana auren Alhaji Audu mai sayar da kayan gini. A lokacin Alhaji Audu ya tsunduma siyasa, ya samu kujera, hotonsa yana manne har a ƙyauren rumfata ba da izinina ba. Shi ne kuma shugaban kwamitin asibitin. Da damina, ba a daɗe da rantsar da farar hula ba, Lami ta haifi 'ya mace. Mahaifiyarsu ta rasu tuntuni, saboda haka uwar mijin, Hajiya Asabe, ta taso daga Babban Giji ta zo ta karɓi jegon. Yarinya ta yi kuka, Hajiya ta sa aka tatso nono, tururuwa ta mutu. Aka cire yarinya, aka sayo gwangwani.

Sista ta je gidan, aka ce Hajiya tana da baƙi. Ta koma, aka ce Hajiya tana salla. Ta zauna a zaure har ƙafarta ta yi sanyi, ba a ce ta shigo ba.

Ranar suna, bayan azahar, Hauwa ta fito ta same ni a rumfa mayafi a karkace. Ta ce zawo yarinyar take yi kamar ruwa, maɗigarta ta faɗa, ko kukan ma ta daina. Na ajiye abin da nake yi muka tsallaka asibiti.

Sista ta tambayi Hauwa, "Hajiya ta yarda in gan ta ita kaɗai?"

"Ta ce sai gobe, in baƙi sun watse."

"Yarinyar nan ba ta da gobe."

Ta ɗauki kwalin ashana daga kan taga, ta girgiza shi a kunne, ta sa a aljihu. Kular ma ba ta ɗauka ba.

Abin da ya faru a cikin gidan daga bakin Hauwa na ji, na kuma ji daga bakin wasu matan, maganarsu ba ta saɓa ba. Tsakar gida cike take, matan jam'iyya da ankonsu, masu kiɗan ƙwarya, tukwane a kan wuta. Hajiya Asabe tana kan kujera a tsakiya da kofin shayi a hannu. Sista ta ratsa taron, ta durƙusa, ta gaishe ta, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Hajiya, don Allah mu ɗan shiga ɗaki, ni da ke."

Hajiya ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Faɗi a nan, 'yar nan, ba ni da abin ɓoyewa. Nonon Lami da idona na gwada. Tun ba a haife ki ba nake riƙon jego."

Sista ta ce, "Hajiya, wace madara ce a shayin nan?"

"Ta gwangwani mana. Irin wadda muke ba yarinyar."

Sai Sista ta buɗe kwali ta karkaɗe tururuwa a kofin. Kiɗa ya tsaya. Mata suka matso suna leƙe ta kan kafaɗar juna. Tururuwa ta yi yawo a saman shayin, ta nutse. Sista ta miƙe, ta ɗebo ruwan randa a moɗa, ta zuba sauran. Su ma suka bi sahu.

Ta ce, "To, Hajiya, madarar gwangwani ta kashe, ruwan randa ya kashe. Tururuwa iyo ne ba ta iya ba. Nonon Lami ba abin da ya yi."

Wata daga bayan taro ta ce, "A gwada miyar ma, kada mu ci guba!" Dariya ta ɓarke. Wata mara kan gado har da guɗa.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, ta tashi ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.

Sista ba ta tsaya kallon ta ba, ta faɗa ɗakin Lami. Ta same ta zaune rigarta a jiƙe, nono ya kumbura ya yi tauri, tana kallon 'yarta tana hawaye, tana tsoron taɓa ta kada ta kashe ta. Yarinyar ba ta da ƙarfin tsotsa. Sista ta gasa nonon da tsumma mai ɗumi, ta tatsa a kofi, ta riƙa ɗiga mata da cokali. Sannan ta fito waje ta sa aka sauke lasifika daga motar kamfen ɗin Alhaji, aka ɗauke su zuwa babban asibiti, aka ƙara wa yarinyar ruwa. Ni na ga fitar motar, hoton Alhaji yana murmushi a jikinta.

Da aka sallamo su, aka aiko wa Sista cewa kada ta sake taka gidan. Sai bencin rumfata ya zama asibiti. Hauwa ta shiga ta dubo, ta fito ta ba da labari, Sista ta ce a yi kaza, Hauwa ta koma. Kada a ba yarinyar ruwa, nonon ya isa. A sa ta ko ba ta nema ba. A gyara mata riƙo, bakinta ya kama sosai, ba kan kawai ba. Sista ta ɗauki ƙunshin tsummana ta rungume tana nuna wa Hauwa, ni ina yanka ƙarfe ina ji, har na haddace abin da ba zai taɓa yi mini amfani ba. Yarinya ta kama nono, zawo ya tsaya, kumatu suka fara fitowa. Sunan kakar aka sa mata, muna kiran ta Ummi.

Ummi tana murmurewa, magana tana tashi a unguwa. Ba a ce komai a kan tururuwa ba. Kula aka kama. Wai me Sista take yi da nonon matanmu? Wai ina take kai shi? Wai sayarwa take yi, wai haɗa wani abu ake yi da shi don mata su daina haihuwa. Mutanen da aka yi wa bayani a zaurensu, suka ce a ba ta da bakinsu, su ne suka fara cewa su dama hankalinsu bai kwanta ba. Lokacin kuma gari ba daɗi, ana ta kallon juna tsakanin Musulmi da Kirista, magana irin wannan ba ta bukatar ƙafa.

Aka kira taro a gindin darbejiyar da take rataya sikeli. Likita ɗaya daga jami'a ya zo ya yi bayani, ya ce abin da suke gani a dakashi kariya ce ga jariri, kuma kowace kwalba wurinsu take zuwa. Limaminmu ya ce shi a karatunsa shekara biyu aka ce uwa ta shayar, bai ga inda aka ambaci tururuwa ba, kuma matar nan bai san ta da cuta ba. Ni ma na faɗi nawa, ba daɗi, aka ce in zauna. Sai Alhaji Audu ya tashi ya ce yanzu ba zamanin soja ba ne da mutum ɗaya zai yanke hukunci, jama'a ne za su zaɓa, kuma don zaman lafiya, duk mai son a sallami Sista ya ɗaga hannu.

Aka ɗaga. Na bi hannayen nan da ido ɗaya bayan ɗaya. Kusan kowane hannu na san ɗan da ke gidansa, na san ranar da Sista ta shiga da kwalinta. An ce mana in farar hula suka dawo talaka zai samu bakin magana. Mun samu. Abin da muka fara yi da shi ke nan.

Likitocin suka karɓi kularsu suka mayar da binciken wata unguwa. Sista ta kwance igiyar sikeli daga reshe, ta naɗe, ta miƙa wa wadda za ta gaje ta, ta nuna mata inda allurar take maƙalewa. Ba ta yi kuka a gabanmu ba.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji Audu ya tsaya a rumfata, wai zai duba ƙofar ƙarfe. Na ce masa, "Alhaji, 'yarka tana numfashi saboda matar nan, ka sani."

Ya ce, "Na sani, Haruna."

"To?"

Ya daɗe yana shafa ƙofar kafin ya ce, "Kafin a haife ni Hajiya ta binne yara biyu. Duka an gwada nononta, tururuwa ta mutu, aka cire mata su. Duk rayuwarta abin da take riƙe da shi shi ne an yi iya ƙoƙari, nononta ne ba kyau. Sai ga shi a gaban mata cike da gida an nuna mata da an bar mata 'ya'yanta, da wataƙila suna nan. Ana kuma dariya. Tun ranar ba ta cin abincin kirki. Uwata ce, Haruna. Me kake so in yi?"

 Har gobe ina cewa abin da ya yi zalunci ne. Amma na gane dalilin da ya sa Hajiya ta ajiye kofin a hankali.

Na kai wa Sista maganar a ɗakin da take haya a Daurawa. Ta murza gwiwa. Can ta ce, "Shi ya sa nake shiga ɗaki. Ba ka san abin da tsohuwa ta binne ba."

Na ce, "Da kin sani, da kin fasa?"

Ta ce, "Ummi ta sha nono yau?"

Na ce ta sha.

Ta ce, "To."

Sista Talatu ta Bitrus, mai takalmin roba, uwar masu jego. Ke ce kika durƙusa wa tsofaffinmu har gwiwarki ta lalace, don kada a ce mun ji kunya. Ranar da aka ce ki zaɓa tsakanin girman babba da ran jaririya, ba ki tsaya shawara da kowa ba. Ni ba ni da lambar yabo, ƙarfe nake ƙonawa. Abin da nake da shi shi ne in faɗa a rubuce, inda ba za a ce in zauna ba: mun gode. Allah Ya saka miki, Ya sassauta miki ciwon ƙafa.

Ku 'yan matan da kuke fitowa daga makarantar jinya da farin kaki, ku je ku zauna kusa da ita tun tana iya magana, ku koyi yadda ake gaida tsohuwa kafin a gyara mata kuskure. Ku maza 'yan'uwana, in an ce za a cire ɗanku daga nono, ku bar cewa harkar mata ce, ku tashi ku tambaya. Ku kuma da kuka ɗaga hannu, ƙafarku ba ta karye ba, Daurawa ba nisa.

Yanzu wani lokacin takan zo da hantsi ta zauna a bencina, tana kallon asibitin daga tsallake. Mata sukan tsaya wai suna tambayar farashin taga, su sunkuya su yi mata raɗa, ta ba su amsa tana kallon wani wuri.

Makon jiya aka yaye Ummi. Kamar yadda aka saba, gidan kaka ake kai yaye, Hajiya Asabe da kanta ta zo ɗaukar ta. Ta gabanmu suka biyo, Hajiya tana riƙe da hannunta, yarinya ɓul-ɓul tana taku da sabon takalmi. Hajiya ta tsaya wurin mai shayi tana gaya wa wata, "Kin gan ta nan, nonon uwarta zalla ta sha. Ko ruwa ban bari an ba ta ba sai da ta yi ƙwari."

Sista ta dafa bencin ta miƙe da ƙyar. Rabonta da taɓa yarinyar tun ranar suna, tun tana ɗiga mata nono da cokali. Ta miƙa hannu ta ce, "Ummi, zo mana."

Yarinyar ta dube ta. Ba ta san ta ba. Ta juya ta cusa fuska a zanin kakarta, suka wuce.